Gashaka-Gumti: ana iya zuwa a kowane lokaci na shekara, ko sai da rani?

Malamin Sakandare (Kano):

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni malamin makaranta ne a Kano, labarin ƙasa nake koyarwa, kuma shekara da shekaru ina tsayawa gaban allo ina gaya wa yara cewa dutsen da ya fi kowanne tsawo a Najeriya shi ne Chappal Waddi, mai tsawon mita 2,419, a cikin gandun dajin Gashaka-Gumti, alhali ni kaina ban taɓa wuce Gombe ba ta wancan ɓangaren. Bara wani ɗalibi ya tambaye ni ko na taɓa ganin dutsen da idona. Da na ce masa a'a, sai ajin ya yi wani irin shiru wanda ya fi dariya ciwo. Tun daga ranar na ƙudurta cewa in Allah Ya yarda sai na je, kuma abokan aikina uku sun ce za su bi ni.

Matsalarmu ita ce lokaci. Malami ba shi da hutu sai wanda makaranta ta ba shi, wato dogon hutu na Agusta, da na ƙarshen Disamba, da ɗan guntun nan na wajen Afrilu. Dogon hutun shi ne ya fi mana sauƙi, domin shi ne kaɗai yake ba mu sarari mu yi kwana goma a waje ba tare da mun nemi izinin kowa ba, amma ya faɗo a tsakiyar damina. Saboda haka nake tambayar waɗanda suka san wurin: shin gandun dajin yana karɓar baƙi duk tsawon shekara, kuma idan yana karɓa, me mutum zai iya yi a kowane lokaci? Shin hawan dutsen yana yiwuwa a watan Agusta, ko kuwa ganganci ne? Muna son hawan dutse, muna son ganin namun daji, ɗayanmu kuma masunci ne na sha'awa wanda ba ya tafiya ko'ina sai da ƙugiya a jakarsa. Dukkanmu mun haura shekara arba'in, kuma iyakar hawan da muka taɓa yi shi ne na Dala da Gwauron Dutse. Ina roƙon a ba mu shawara ta gaskiya, ko da ba za ta yi mana daɗi ba.

Ɗan Jalingo:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya saka da alheri bisa aikin da kuke yi wa 'ya'yanmu. Tun da ka nemi gaskiya, to ga ta: ku cire Agusta daga lissafinku idan ƙolin dutsen kuke nufi. Na shiga dajin nan sau huɗu, sau uku da rani, sau ɗaya da damina, kuma na daminar ne ya koya mini hankali.

Abin da ya kamata ku fara fahimta shi ne girman wurin. Shi ne gandun daji mafi girma a ƙasar nan, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000, ya ratsa jihohin Taraba da Adamawa, kuma yawancinsa babu hanyar mota. Hedkwatarsa tana Serti, a ƙaramar hukumar Gashaka. Daga Kano za ku biyo ta Gombe da Kaltungo zuwa Numan, ku gangaro Jalingo, sannan ku ɗauki hanyar Garba Chede da Bali har Serti. Shawarata ita ce ku raba tafiyar biyu, ku kwana a Jalingo, ku yi sammako, kada dare ya same ku a hanya. Wannan ɓangaren na kwalta ana bin sa damina da rani, ko da yake akwai wuraren da suka lalace. Wahalar tana farawa ne daga inda kwalta ta ƙare.

Tsakanin Serti da ƙauyen Gashaka, inda masaukin baƙi na cikin daji yake, sai an ƙetare kogin Kam, wanda mutanen wurin suke kira Mayo Kam, domin da Fulatanci mayo shi ne kogi. A watan Fabrairu mutum yana iya naɗe wandonsa ya ratsa wasu mashigai da ƙafa. A watan Agusta kuwa wannan kogin ba shi ne wancan ba. Ruwan da ya sauka a kan tsaunuka cikin dare duk nan yake gangarowa, ya yi ja, ya ɗauko itatuwa, har masu fito da kwalekwale su ce sai an jira ya sauka. Mu mun yi kwana biyu a bakin wani rafi wanda da safe muka tsallaka shi ruwa bai kai gwiwa ba, da la'asar da muka dawo muka tarar ya fi ƙarfin babur da mai shi. Abin mamakin shi ne a inda muke ko ɗigo bai sauka ba, can sama aka yi ruwan. Guzurinmu na yini ɗaya ne, sai da muka koma roƙon masara a wata ruga.

Daga Disamba zuwa Maris ne lokacin da kowa ya sani. Koguna sun ja baya, hanyoyi sun bushe, ciyawar da take fin mutum tsawo ta kwanta ko an ƙone ta, saboda haka ido yana kaiwa nesa, dabbobi kuma suna matsowa kusa da ruwa. A lokacin ne za ku iya zuwa gurbin dorina a Mayo Kam, ku zauna a kan dutse ku kalle su suna fito da kai suna huci. Abokinku masunci ma wannan ne lokacinsa, domin ruwan yana yin garau, akwai giwan ruwa, akwai tsage mai haƙora kamar ƙusoshi, sai dai ya nemi izini tukuna, kuma ya shirya mayar da abin da ya kama cikin ruwa idan haka jami'an wurin suka umarta.

Game da dutsen kansa, yawancin masu hawa ba daga ƙasa suke farawa ba. Daga Serti ake wucewa Mayo Selbe, a hau tsaunin Mambila da mota ta wannan hanya mai lanƙwashe-lanƙwashe, a isa Nguroje, daga nan a hau babur zuwa Njawai, sannan a kama tafiyar ƙafa. Amfanin wannan shi ne mota ta riga ta ɗauke muku fiye da rabin hawan, tun da Mambila kanta tana wajen mita 1,600 sama da teku. Mu kwana uku muka yi tsakanin fita daga Njawai da dawowa, ba tare da gaggawa ba. Hanyar babur ɗin nan ita ce take zama taɓo zalla da damina. Don haka ni dai ina ganin ku ɗauki hutun Disamba, ku haƙura da ƙarancin kwanakin.

Bafulatanin Mambila:

Sallama gare ku. Malam, barka da wannan niyya, Allah Ya kawo ku lafiya. Abin da ɗan'uwana na Jalingo ya faɗa game da koguna gaskiya ne, ba ni da ja a kai. Inda na saɓa da shi shi ne yadda ya mayar da shekara ta zama wata huɗu, sauran takwas kuma ya zubar da su. A kan tsaunin nan aka haife ni, kuma ina tabbatar muku cewa wanda ya zo da rani kaɗai bai ga ƙasarmu ba, ya dai ga inda take.

Akwai abin da masu yabon Disamba da Janairu ba su cika faɗa ba, wato hazo. Iskar hunturun da take turnuƙe Kano tana isowa nan ma, a haɗa da hayaƙin ƙunar daji, sai mutum ya sha wahalar kwana biyu ya kai ƙoli, ya duba gabas inda tsaunukan Kamaru suke, bai ga komai ba sai fari fat. Tuddan da ake ɗaukar hotonsu kore shar, a lokacin sun zama ruwan ƙasa, wasu kuma baƙi ƙirin saboda wuta. Idan ana son a ga ƙasa a shimfiɗe har iyakar ganin ido, to ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba ne, lokacin da ruwa ya ɗauke, ƙura ba ta riga ta iso ba, ciyawa tana nan da ɗanyenta, kowane kwari kuma yana da ruwan da yake zubowa daga dutse. Na san ba ku da hutu a lokacin, amma idan makarantarku tana ba da hutun tsakiyar zango, ko shugabanku mai sauƙin kai ne, to ku yi tunani a kai.

Shi ma Agustan ban yarda a ce ba shi da amfani ba. Ƙolin Gangirwal, wanda shi ne sunan da muka fi kiran dutsen da shi, ni ma ba zan kai baƙo can ba a wannan wata, kuma dalilina ba taɓo ba ne, tsawa ce. Saman dutsen fili ne na ciyawa, babu mafaka, hadari yana haɗuwa cikin ɗan lokaci, mutumin da yake tsaye a kan tudu shi ne abu mafi tsawo a wurin. Mu makiyaya mun san asarar shanun da aradu take yi mana a kan waɗannan tuddai. Bayan haka akwai gajimaren da yake sauka ya rufe hanya, har ba ka ganin wanda yake gabanka da taku goma. Amma Mambila kanta tana nan, hanyar kwalta tana kaiwa har Gembu. Kuna iya sauka a Nguroje ko Gembu, ku fita da sassafe ku yi tafiyar awa uku ko huɗu a kan tuddai ku dawo kafin azahar, domin ruwan ya fi sauka da rana zuwa yamma. Kuna iya zuwa Kakara ku ga gonar shayi, wadda ba ta taɓa yin kyau irin na damina ba. Akwai kuma kurmin Ngel Nyaki kusa da ƙauyen Yelwa, wanda malamin labarin ƙasa zai so ya ga yadda kurmin kan dutse yake. Nono da kindirmo da man shanu kuwa, a damina ne suke da yawa da araha.

Abu ɗaya nake roƙo, ko yaushe kuka zo. Idan hanya ta bi da ku ta ruga ko ƙauye, ku tsaya ku gai da jauro ko arɗo kafin ku kafa tanti, kuma kada ku ɗaga waya ku ɗauki hoton mata da yara ba tare da an yarje muku ba. Baƙi da yawa suna shigowa kamar babu kowa a wurin, alhali ƙasar tana da masu ita.

Malamin Sakandare (Kano):

Na gode muku ƙwarai, Allah Ya bar zumunci. Na karanta wa abokan tafiyata amsoshin nan biyu a ɗakin malamai, gardama ta kaure, masuncinmu ya goyi bayan Disamba, sauran biyu kuma maganar tuddai kore ta tafi da su. Ina da ƙarin tambaya. Babu wanda ya taɓo hutun Afrilu, shin shi ba ya cikin lissafi ne? Sannan maganar namun daji, ni abin da na sani shi ne Yankari, inda muka taɓa kai ɗalibai muka hau mota aka zaga da mu, muka yi wanka a Wikki muka dawo. Haka abin yake a can? Na ji ana cewa akwai birin nan mai kama da mutum, cimfanzi, kuma ina so in san ko baƙo irina yana iya ganinsa. Daga ƙarshe, tsawon dutsen ba zai sa numfashi ya gagare mu ba, ganin shekarunmu?

Tsohon Malamin Daji:

Malam, sannu da ƙoƙari. Na yi aikin daji shekaru masu yawa kafin in yi ritaya, kuma ina jin daɗi idan na ga malamin makaranta yana son ya taka abin da yake koyarwa. Ƙannena biyu da suka riga ni magana kowannensu ya faɗi gaskiya, saɓaninsu ya zo ne domin ba wuri ɗaya suke siffantawa ba. Gashaka-Gumti sunaye biyu ne aka haɗa, domin a 1991 aka game wuraren kiwon namun daji biyu, Gashaka da Gumti, aka mayar da su gandun daji na ƙasa, a shekarar da aka raba Gongola aka sami Taraba da Adamawa. Ɓangaren Gumti na arewa, wanda ake shiga ta Toungo a jihar Adamawa, fili ne na dajin itatuwa da ciyawa, ya fi kama da abin da ka sani. Ɓangaren Gashaka na kudu shi ne mai tsaunuka da kurmi da kwaruruka. Tsakanin kwarin kogi da ƙolin dutse akwai tazarar da ta kusa mita 2,000, kuma kai ka fi ni sanin cewa duk mita 1,000 da aka hau zafi yana raguwa da kimanin digiri 6. Ma'anar wannan ita ce a rana ɗaya wani yana zufa a Serti, wani yana karkarwa a kan dutse, saboda haka tambayar wane wata ya fi kyau ba ta da amsa sai an ce a wane ɓangare.

Afrilu caca ce. Maris da farkon Afrilu su ne mafi zafi a ƙasa, zafi mai gumi wanda mutumin Kano bai saba da irinsa ba, amma ruwan farko yana sauka a can tun kafin ku ji ƙamshinsa a arewa. Idan an yi ruwa biyu ko uku, hazo ya wanke, sabuwar ciyawa ta tsiro a inda aka ƙone, gwanki da kanki da ɓauna su fito kiwo a fili, koguna kuma ba su riga sun kawo ba. Idan kun dace da wannan tsakanin, kun haɗa abin da mutumin Jalingo yake so da abin da mutumin Mambila yake so. Idan kuwa damina ta yi sauri a shekarar, za ku sha ruwa a tanti. Ni da zan zaɓa muku a matsayinku na sababbin shiga, Disamba zan zaɓa don tafiyar farko, in ajiye Afrilu don ta biyu.

Ka cire Yankari daga ranka. Can mota take kai ka wurin dabba, nan ƙafarka ce, kuma dabbobin ba su saba da mutane ba. Abin da za ku gani ba tare da wahala ba shi ne gwaggon biri, da wasu birai iri-iri ciki har da baƙin nan mai farin gashi da doguwar jela da yake tsalle a saman itatuwa, da mugun dawa, da mazo, da gada, da kada a bakin ruwa. Cimfanzi yana nan, kuma dajin yana daga cikin manyan wuraren da irin wanda ake samu tsakanin Najeriya da Kamaru ya rage a cikinsu. A shekarar 2000 masu bincike daga wata jami'a ta Landan suka kafa sansani a Kwano, a cikin dajin, suka yi nazarinsa, har suka tabbatar da cewa yana gyara tsinke ya zura a rami ya ɗebo zuma, ya kuma kamo kwarkwasa da shi. Amma ganinsa rabo ne. Abin da ya fi yiwuwa shi ne ku ji ihunsu da asuba daga cikin kurmi, ko jagora ya nuna muku sheƙar ganyen da suka kwana a kai a saman itace, domin kowane dare sabuwa suke yi. Na san mutanen da suka yi mako guda ba su ga ko bayansa ba, suka koma suna ƙorafi, alhali sun wuce tsuntsaye iri-iri ba su ɗaga kai ba. An ƙidaya nau'in tsuntsaye fiye da 500 a dajin, kuma kallonsu shi ne abin da ba ya yankewa duk shekara: da hunturu ga baƙin da suke zuwa daga Turai, da damina ga 'yan gida suna saƙa da kuka. Ku nemi madubin hangen nesa ko guda ɗaya ne ku riƙa karɓa-karɓa.

Tun da labarin ƙasa kake koyarwa, kada ka bar ƙauyen Gashaka ba ka hau tudun da kufan sansanin Jamusawa yake ba. Wannan yanki yana ƙarƙashin Kamarun Jamus har zuwa Yaƙin Duniya na Ɗaya, sannan ya koma riƙon Ingila, kuma sai da aka yi ƙuri'ar raba gardama a 1961 ya shigo Najeriya a matsayin lardin Sardauna. Wato da ƙuri'ar ta juya, da dutsen da kake rubuta wa yara a allo ba namu ba ne. Wannan hawan gajere ne, ana yin sa a kowane wata.

Maganar numfashi kuwa, ka kwantar da hankalinka. Ciwon da ƙarancin iska yake jawowa ya fi kama mutane daga wajen mita 2,500 zuwa sama, dutsen namu kuma bai kai nan ba. Za ku yi haki, amma abin da yake kayar da mutane gwiwa ce da sanyi da sabon takalmi. Ku fara tafiyar ƙafa tun yanzu da jaka a baya, ku hau Dala ku sauka sau da yawa a jere, kuma idan kun sami ƙarshen mako ku je Jos ku gwada duwatsun Shere, waɗanda ƙolinsu ya kai mita 1,829. Wanda yake da hawan jini ko ciwon suga ya ga likitansa kafin ya tashi, domin daga kan dutsen zuwa asibiti tafiya ce ta kwanaki.

Kada ku shiga ba tare da kun biya ta ofishin Serti kun karɓi izini da jami'in da zai raka ku ba. Wannan ba don kuɗin shiga kaɗai ba ne. Dajin yana fama da mafarauta da masu haƙar ma'adinai da masu saran madobiya, itacen da 'yan kasuwa suke kira madrid, kuma jami'an ne suka san inda ya kamata a bi da inda ya kamata a kauce wa a wannan makon. Tun 2017 wata gidauniya mai suna Africa Nature Investors take aiki tare da hukumar gandun daji ta ƙasa wajen horar da masu gadi da sintiri. Ku tuntuɓi ofishin kafin ku bar gida, ku kuma sake tambayar halin hanya idan kun isa Jalingo.

Uwar Biyu:

Assalamu alaikum. Baba Malamin Daji ya gama magana, ni ɗan abin da zan ƙara na kaya ne da ciki, domin na lura maza idan suna shirin tafiya sun fi tuna dutse da dabba, su manta da abin da za su ci da abin da za su rufa. Ni da maigidana mun je a ƙarshen Disamba tare da wasu abokan aikinsa, ban kai ƙoli ba, na tsaya a zango na biyu saboda gwiwa, kuma ban yi nadama ba.

Malam, sanyin kan dutsen ba irin na Kano ba ne. Da rana za ku yi zufa har riga ta jiƙe, rana tana faɗuwa iska ta taso, wannan jiƙaƙƙiyar rigar ta zama abokiyar gaba. Kowa ya ware kayan barci daban a cikin leda waɗanda ba zai taɓa sawa da rana ba, da hular sanyi da safa mai kauri, ya kuma sami abin shimfiɗa mai hana sanyin ƙasa, domin bargo uku a sama ba su da amfani idan tabarma ce kaɗai a ƙasa. Raɓa tana sauka kamar an yi yayyafi, don haka kada a bar takalmi a waje. A ƙasa kuma, wajen koguna, matsalar tsando ce, cizonta kamar allura, kuma tana bin baƙin tufafi da shuɗi mai duhu. Ku sa kaki ko wani launi mai haske, mai dogon hannu. Abin sha'awa shi ne da kun hau sama za ku rabu da ita, kuma wannan ne ya sa Fulani suka zaɓi tuddan don shanunsu su tsira daga sammore. Gidan sauro da maganin zazzaɓi kada su bar jakarku ko da rani ne.

Guzurin da ya yi mana amfani shi ne garin kwaki da ƙuli-ƙuli da suga, da dabino, da kilishi, da dakuwa, da taliyar nan mai saurin dahuwa, da ganyen shayi. Wani a cikinmu ya ɗauko shinkafa da wake, waken ya cinye mana itace da lokaci bai nuna ba. Ruwan rafukan sama yana da kyau a ido, amma shanu suna sha daga gare shi, saboda haka a tafasa. Ku ɗauki 'yan dako daga ƙauyen da za ku tashi, ku yi ciniki da su a gaban jami'in da yake raka ku tun kafin a ɗaga kaya, ku kuma lissafa da cikinsu a cikin abincin. Kuɗi a hannu za ku riƙe, ƙananan canji, domin waya ba ta samun layi a mafi yawan hanyar, balle a yi maganar tura kuɗi. Duk ledar da kuka shiga da ita ku fito da ita.

Alwala da ruwan asuba a can jarrabawa ce, sai mu riƙa ajiye ruwan ɗumi a filas tun da dare. Idan wata rana kana son kai iyali, ni a ganina yara ƙanana su tsaya a masaukin Gashaka ko a Mambila, inda za su ga birai da kogi da gonar shayi ba tare da kwanan tanti ba.

Malamin Sakandare (Kano):

Hajiya, Allah Ya saka da alheri, maganar wake ta sa mun yi dariya, domin shi ne abu na farko da muka rubuta a takardar guzuri. Baba, na gode da wannan karatu, zancen ƙuri'ar 1961 kuwa gobe zan shiga da shi aji. Mun zauna mun yanke shawara cewa za mu tashi washegarin ranar da aka rufe makaranta a Disamba, mu kwana a Jalingo, mu yi kwana biyu a Gashaka saboda masuncinmu da dorina, sannan mu hau Mambila mu nufi Njawai. Dogon hutun Agusta kuma ni da mutum ɗaya za mu riga zuwa Gembu mu yi kwana huɗu, mu ga koren da ɗan'uwanmu na Mambila ya kwaɗaita mana, mu kuma gwada gwiwoyinmu a kan ƙananan tuddai kafin babban. Ɗan'uwa na Mambila, idan muka sauka a Nguroje a Agustan, daga ina ya fi sauƙi mu sami wanda zai kai mu Ngel Nyaki, daga nan garin ko sai mun isa Yelwa?